Burushin da Umma Take Ji

Tun ina ƙarama na tsani tsofaffin kawunan burushin Baba, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Aikinsa wankin tagogi ne, tun kafin a haife ni. Ba irin wankin tsumma da bokiti ba. Sanda ce doguwa mai zugewa, siririn tiyo ya bi ta cikinta, a can ƙarshenta a ɗaura kan burushi, mutum yana tsaye a ƙasa yana wanke gilashin hawa na uku, wuyansa a lanƙwashe yana kallon sama har yamma. Sandar ta kamfani ce, tankin ruwan ma na kamfani ne, amma kan burushin Baba ya ɗauke shi kamar abin da ya gada. Ba ya yarda wani ya gaya masa lokacin canja shi.

Yana da hanyarsa ta ganewa. Sai ya kifa tafin hannu a kan gashin, ya danna, ya ɗaga. In gashin ya miƙe ya koma yadda yake, to da sauran aiki. In kuwa ya kwanta ya baje kamar sumar wanda ya tashi daga barci, ko kusurwoyin sun cinye har robar da gashin ke jikinta ta fara leƙowa, an gama ke nan. Yakan ce kafaɗa ma tana ba da labari: ranar da ka ji kana danna sanda da ƙarfi kafin datti ya fita, kada ka zargi tsufa, ka duba burushi. Abin da ya fi tsoro shi ne robar ta taɓa gilashi, domin yashi yana maƙalewa a jikinta, kuma yashi ba ya raga wa gilashi. Wannan karatun ni da Umma mun sha shi a wajen cin abinci har mun haddace, ba don mun taɓa tambaya ba.

Matsalar Baba ɗaya ce: ya iya cire burushi daga aiki, amma bai iya yar da shi ba. Duk wanda ya gama yayinsa sai ya biyo shi gida a cikin jaka. Gidanmu na haya ne a hawa na biyu, barandarsa ba ta fi a shanya zane biyu ba, amma rabinta ya tafi wajen ajiye waɗannan tsofaffin 'yan ritaya. Ranar da ba shi da aiki kuwa, gari na wayewa zai sauka ƙasa da wata tsohuwar sandarsa, ya ɗaura ɗaya daga cikinsu, ya fara da tagar ɗakin Umma. Sabon burushi ba ya ƙara, yana tafiya a kan gilashi kamar mage. Tsoho kuwa sai ya ja wani ƙiii mai shiga haƙori, in ya kai ƙarshen taga robar ta bugi ƙarfe, ƙwas, sannan ya sake hawa. Daga kan gado Umma za ta fara mita, wai mutum ya kai wa mutanen gari sabon burushi, ya zo gida yana yi mata kiɗa da tsoho. Tana mitar tana neman takalminta. Kafin ta wuce kicin ta ɗora ruwan shayi sai ta tsaya a jikin tagar ta buga gilashin sau biyu da zobenta, don ya san ta tashi. Gilashin gidanmu duk karce ne in rana ta haska shi, amma mai gidan bai taɓa ɗaga kai ya duba ba. Na yi aure na bar gidan, burushin nan suna nan suna ƙaruwa.

Sai ciwo ya kama Umma a jini. Maganin da aka yi mata ya kashe ciwon rabi, ya kuma kwashe duk ƙarfin da jikinta ke da shi na kare kansa, har likita ya ce tarin wani ma zai iya kai ta kushewa. Aka sa ta a wani ɗaki a hawa na uku na asibitin, inda ba mai shiga sai ma'aikatan jinya da suka rufe jiki da fuska. Ba miji, ba 'ya. Na yi faɗa a bakin ƙofar sashen har maigadi ya san sunana, bai canja komai ba. Daga baya zazzaɓi ya taɓa mata kai, ta daina gane inda take. Akwai wata nas da muke kira Sista Doguwa, domin sai ta sunkuya take shiga lif, na'urar hawa bene, ita ce ta ɗauki nauyin kara mata waya a kunne. Da ni Umma takan amsa sama-sama. Da Baba kuwa sai ta ture wayar, ta ce a daina haɗa ta da baƙon namiji, ita matar aure ce. Baba dama ba gwanin waya ba ne, daga "ya jiki" sai shiru. Ranar da ta fara faɗin haka ya miƙo mini wayar ya shiga banɗaki ya daɗe.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abinci. Ta ce ba za ta ci a gidan mutane ba, sai ta koma gida. Sista Doguwa ta gaya mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: ruwan da ake ƙara mata zai riƙe ta na ɗan lokaci, amma in ba ta ci da bakinta ba jinin ba zai tashi ba, in jinin bai tashi ba kuwa ba za ta fito daga ɗakin nan ba.

Kamfanin su Baba ne ke wanke tagogin asibitin, duk Talata. Baba, wanda tunda yake bai taɓa roƙon Oga, shugabansu a wurin aiki, alfarma ba, ya je ya roƙa a mayar da shi can. Oga ya yarda. Ni kuma na riƙa rufe shagon ɗinkina da safen Talata ina zuwa in tsaya kusa da shi a wurin ajiye motoci. Ba abin da ake gani daga ƙasa. Gilashin an manna masa wata siririyar leda mai rage zafin rana, in ka ɗaga kai sai gajimare da tsuntsaye kawai kake gani a jikinsa. Duk da haka Baba yakan daɗe a tagar nan ta uku daga kusurwa, ta ɗakin Umma, fiye da sauran, ya wanke, ya ɗauraye, ya sake wankewa. Ban hana shi ba. Ni ma ban da abin da zan iya yi mata da ya wuce tsayuwar.

A makonnin nan Sista Doguwa ta fara cewa wani abu yana ba ta mamaki. Ranar Talata Umma takan ci abinci. Ba da yawa ba, amma takan ci, har ta nemi shayi. Laraba ta ɗan taɓa, daga nan kuma ta rufe baki sai wata Talatar. Likita ya ce wataƙila yadda ake jera magungunan ne. Mu ma muka ce wataƙila.

Wata Talata da aka tashi daga aiki, Baba yana naɗe tiyo sai ya kifa tafinsa a kan burushin, kamar yadda ya saba ba tare da tunani ba. Na ga fuskarsa ta canja. Gashin ya kwanta tun tuni, kusurwa ɗaya ta cinye sarai, robar tana sheƙi. Tunda Umma ta kwanta bai duba ba. Ya yi ta juya abin a hannunsa yana faɗa wa kansa magana, wai shi da ke koya wa sababbin ma'aikata, shi ne yake yawo da wannan a ginin asibiti, kuma a tagar matarsa. Kunya ce ta kama shi sosai, har ya ƙi kallona. Washegari ya karɓi sabo a sito.

Talatar da ta biyo baya aikin ya yi kyau. Ruwa ya sauko sumul, ba layi ko ɗaya, Baba har da ɗan murmushi. Muna haɗa kaya sai ga Sista Doguwa ta fito da saurinta, ta zare abin rufe fuska, ta dube ni ta dubi Baba.

"Baba, yau ba ku yi ɓangarenmu ba ne?"

"Yanzu na gama shi, 'yata. Tagarta ma sau biyu na bi."

"To ita tun safe take saurare. Ta ce in yi shiru, yau maigidanta ba shi da aiki, yanzu zai fara damun mutane da burushinsa. Ta jira, ta jira. Ɗazu ta ce in ɗauke abincin, wai ashe ba a gida take ba."

Sista ta ce dama duk Talata in ƙarar nan ta fara, Umma takan juya kai wajen taga ta fara mita, ta buga ƙarfen gado sau biyu da cokali, sannan ta ce a ɗora ruwan shayi. Ita ta ɗauka ruɗin zazzaɓi ne, shi ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Baba ya zauna a kan tankin ruwa, sabon burushin a kan cinyarsa, yana shafa gashinsa mai kyau. Ni kuwa na tuna yawan lokutan da na ce zan kwashe tarkacen barandar nan in kai bola.

Daga nan Baba ya fara abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa ta aiki. Ranar Talata sai ya sa tsohon kan burushi a ƙasan jakar abincinsa. Ya wanke duk ginin da sabo, in ya zo taga ta uku daga kusurwa ya sauke sanda, ya waiga hagu da dama kamar ɓarawon kaza, ya canja. Ni ce mai tsaron hanya. Ƙiii, ƙwas. Daga ƙasa da kyar ake ji, amma Sista ta ce a cikin ɗakin har gilashin yana rawa. Umma ta koma mitarta, ta koma cin abincinta na Talata da Laraba. Wata rana ma ta ce a gaya masa in bai yar da wannan burushin ba ita za ta yar masa. Da Sista ta kawo saƙon, Baba ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, ya ce a gaya mata ya ji.

Ya san abin da yake yi wa gilashin. Ya fi kowa sani. Kafin ya ɗaura tsohon sai ya wanke robar, ya bi ta da farce yana ciro yashi, ya sassauta hannu iya yadda zai iya. Amma in ya sassauta da yawa ƙarar ba ta fita, in ƙarar ta fita kuwa robar ta taɓa ke nan. Ledar nan ta jikin gilashin ba ta da ƙwarin gilashin gidanmu. Ba a daɗe ba, in rana ta karkata, taga ɗaya tak a duk jikin ginin takan yi fari-fari da zane kamar an bi ta da tsefe.

Mai kula da ginin asibitin ya gani, ya kira Oga, Oga ya zo da kansa wata Talata. Na so a ce mugu ne, da na ji daɗin zaginsa. Amma mutum ne mai sanyin magana, kuma Baba ne ya koya masa riƙon sanda lokacin da ya shigo aikin. Ya tsaya ya ɗaga kai ya kalli tagar, ya buɗe jakar abincin Baba da hannunsa, ya ciro burushin. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, kai ka koya mini cewa wannan ba ya hawa gilashin mutane."

"Ni na koya maka."

"To me zan ce musu?"

Sai ni na karɓi zancen. Na gaya masa komai, da cokalin da shayin da jinin da ba ya tashi. Na ce leda ce fa, leda, a ɓare ta a manna wata mana in Umma ta fito. Oga ya saurare ni har na gama. Ya ce ya yarda da duk abin da na faɗa, kuma da tagar gidansa ce da ya ce a farfasa ta ma. Amma an riga an rubuta wa kamfani, an ce in aka sake ganin sabon karce za a karɓe aikin ginin gaba ɗaya, kuma akwai mutane da yawa da ke ci daga ginin nan ban da Baba. Abin da zai iya shi ne ya bar shi a wurin, da sharaɗin za a riƙa duba jakarsa. Ya tafi da burushin a hannunsa, bai san akwai 'yan'uwansa cike da baranda ba.

Na bi duk ƙofar da na sani. Likita ya ce labarin ya taɓa shi, amma taga ba ta ƙarƙashinsa. Mai kula da ginin ya ce shi ma yana da uwa, sai dai ledar ba a canja ta ɗaya-ɗaya, kuma ba shi ya kafa dokar ba. Na roƙi Sista Doguwa ta shiga da burushin ta goga daga ciki, ta ce abin da ya shekara a baranda yana shan ƙura ko bakin sashen ba zai wuce ba, zai iya kashe Umma kafin yunwa. Kowa ya yi mini magana mai daɗi, kowa ya raka ni har bakin ƙofa. Na fi son maigadin da muke faɗa da shi, shi aƙalla ina samun wanda zan yi wa tsawa.

Baba kuma ya mayar da gidan wurin gwaji. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gane ranar da burushi ya tsufa, yanzu ya zauna yana neman yadda zai tsufar da sabo ba tare da ya yi ɓarna ba. Ya rage gashin da almakashina. Ya goga shi a kan siminti. Ya naɗe kusurwar da tsumma, ya naɗe ta da salatif, ya manna mata guntun fata. Ya samo ragowar irin ledar nan ya manna a tagar kicin yana gwadawa, ni ina ciki ina saurare. Duk wanda bai karce ledar ba, ba ya ƙara. Duk wanda ya yi ƙarar, ya karce. A ƙarshe ya ce bari ya gwada bugun kawai, ya bar jan. Ranar Talata ya wanke tagar da sabon burushi, a ƙarshen kowane ja ya ɗan buga gefen ƙarfen. Sista ta ce Umma ta firgita, ta ce wani yana buga ƙofa, kada a buɗe, maigidan ba ya nan. Ranar ko ruwa ba ta sha ba.

Makon ya yi mana tsawo. Sista ta daina ba ni labarin abinci sai na tambaya, in na tambaya kuma ta fara da gyaran murya. Ranar Talata da safe na ga Baba yana tafiya wani iri, hannunsa ɗaya manne da haƙarƙari. An duba jakarsa ba a ga komai ba. Da muka isa taga ta uku ya ɗaga rigarsa, ga tsohon burushi ɗaure a cikinsa da igiyar shanya, gashin ya yi masa ja a fata.

"Baba, za su cire ka," na ce.

"Na sani, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ta ci na yau da na gobe tukuna."

Ban tsare masa hanya ba ranar, domin ba amfani. Ya ɗaura, ya zuge sandar har ƙarshe, ya wanke tagar nan a tsanake kamar yana gida, bai sassauta hannu ba ko kaɗan. Mai kula da ginin yana tsaye a bakin ƙofar shiga yana kallonmu, bai matso ba sai da Baba ya gama. Sista ta ce Umma ta cinye abin da aka kawo mata, har ta tambaya ko akwai saura, ta kuma ce mutumin nan ba zai taɓa canjawa ba.

Ba a kore shi ba. Oga ya yi ta kai-kawo har aka bar wa kamfanin aikin, aka mayar da Baba wani dogon ginin ofisoshi a ɗaya gefen garin, aka kuma gaya wa masu gadin asibitin kada ya shigo harabar da sanda. Wanda aka kawo a madadinsa mutumin kirki ne mai iyali, na same shi na roƙe shi, ya ce in yi masa rai, an riga an gargaɗe shi tun kafin ya fara. Yana wanke tagar Umma tsaf da sabon burushi, ba ta ma sanin an zo.

Na naɗi ƙarar a wayata a tagar gidanmu na tura wa Sista. Da na saurara da kaina sai na ji kamar ana suya a mai, amma na tura. Umma ta ce a kashe rediyon nan, yana sa mata ciwon kai. Da na gaya wa Baba, ya yi tunani ya ce ai dole, abin da aka naɗa ya riga ya huce. A kira ta yana cikin yi, a ajiye wayar a jikin tagarta, ta ji shi da ransa. Na san wayar ba za ta ɗauka ba, ita da aka yi don muryar mutum. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga yadda yake kallona, na ce to.

Ranar hutunsa na je gidan da sassafe. Ya riga ya zaɓi burushin, wanda ya ce ya fi kowanne murya, ya cika bokiti, ya sa tsohuwar rigarsa ta aikin gida. Kafin ya sauka ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Umma, inda gadonta yake a gyare tun ranar da aka tafi da ita.

"In ta buga cokalin, ki buga mini gilashin. Sau biyu, yadda take yi. Daga ƙasa ba zan ji wayar ba."

Na kira Sista Doguwa. Ta ce Umma idonta biyu, ta ajiye wayar a kan dakalin taga ta ƙure murya. Na manna tawa a jikin gilashin. Burushin ya taso daga ƙasa yana ɗigar ruwa, ya daki gilashin a daidai fuskata, ya ja. Ƙiii, ƙwas. Ɗakin ya cika da ƙarar da na tsana tun ina yarinya, na ji kamar in na juya zan ga Umma tana laluben takalmi da ƙafa. Na bar shi ya yi ta yi, sannan na kara wayar a kunne.

Sista ta ce ba abin da ke fitowa sai wani shuu da ke zuwa yana ɗaukewa. Ta ce Umma ba ta juyo ba, bango take kallo. Ta ce in yi haƙuri, ana kiranta a ɗaya ɗakin, za ta neme ni anjima. Wayar ta mutu a hannuna.

Na leƙa ƙasa ta cikin ruwan da ke gangarowa. Baba yana tsaye a tsakiyar hanya, wuyansa a lanƙwashe, bakinsa a ɗan buɗe, yana jan sandar yana kallon tagar ba ya ƙiftawa. Wata mota ta zo ta tsaya a bayansa tana jira ya matsa, bai ma san da ita ba. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar wannan lokacin ba. Ina da baki, ina da faɗa, na iya tsayawa a gaban kowa, amma ba ni da cokali ɗaya na abinci da zan iya sa wa uwata a baki, ba ni kuma da abin da zan gaya wa wannan tsohon.

Na mayar da matacciyar wayar jikin gilashin yadda zai gan ta. Na juya zobena, na buga sau biyu.

Sandar ta tsaya. Baba ya sunkuyar da kai, ya goge fuskarsa da kafaɗar rigarsa, ya ɗaga wa mai motar hannu yana ba shi haƙuri. Sannan ya gyara tsayuwa ya ci gaba da wanke tagar, wadda tun ɗazu ta riga ta fita. Ni kuma na wuce kicin na ɗora ruwan shayi.